Hoton Radiyo ga Mai Juna Biyu: Shin Uzuri ne na Zubar da Ciki a Shari'a?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mahaliccin rai da abin da ke cikin mahaifa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa musulmi maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala da ake kawo wa limamai da malamai a nan Yamai. Surarta ita ce: mace ta tafi asibiti saboda tari, ko ciwon baya, ko hatsarin babur, aka ɗauki hoton cikin jikinta da na'urar da jama'a ke kira radiyo, ko babbarta da ake kira sikana. Bayan mako biyu ko uku sai ta gane ashe tana da juna biyu a ranar da aka yi hoton. Daga nan sai magana ta yi yawa. Maƙwabciya ta ce ɗan zai fito da nakasa, dangin miji su ce gara a cire tun bai yi ƙwari ba, ita kuwa barci ya ƙaurace mata. Wata takan zo ta yi tambaya, wata kuwa sai ta nufi mai tallar magani a bakin kasuwa ba tare da kowa ya sani ba, ta jefa rai biyu cikin hatsari.

Malaman usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai bayan an san haƙiƙarsa. Saboda haka za mu fara da abin da masana lafiya suka tabbatar game da wannan haske, sa'annan mu kawo hukuncin Shari'a, daga bisani mu auna ɗaya a kan ɗaya.

Fasali na ɗaya: Haƙiƙar wannan haske da ma'auninsa

Wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ne ya gano wannan haske a shekarar 1895. Haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa fata da tsoka, ƙashi kuma ya tare shi, shi ya sa ƙashi yake fitowa fari a jikin hoto. Idan ya yi yawa ƙwarai yana iya lalata ƙananan ƙwayoyin halittar da jiki ya ginu a kansu. Mu mutanen Nijar mun daɗe da jin labarin hatsarin irin wannan haske, domin tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma a 1998 aka kafa cibiyar ƙasa ta kariya daga gare shi, a 2016 kuma aka kafa hukuma mai sa ido a kan lamarinsa. To sai dai jin labarin hatsari ba tare da sanin gwargwado ba shi ne tushen firgitar da ake yi. Gishiri kaɗan ke gyara miya, mai yawa ya ɓata ta, haka wannan haske yake: hukuncinsa yana bin yawansa.

Ma'aunin da ake auna abin da ya shiga jiki da shi ana kiransa miligire. Ko macen da ba ta taɓa taka asibiti ba, ɗan tayinta yana samun kimanin miligire 1 a tsawon watanni tara, daga ƙasa da duwatsu da sararin samaniya da abinci, haka Allah Ya halicci duniya. Amma abin da ke kaiwa ga ɗan tayi daga hotunan asibiti, ga shi a taƙaice:

Hoton ƙirji, da na haƙori, da na kai, da na hannu ko ƙafa: bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miligire guda ba, domin hasken bai bi ta kan mahaifa ba.

Hoton ciki ko na ƙugu da radiyo: tsakanin miligire 1 zuwa 4. Na ƙashin baya ta ƙasa yakan kai 2, mafi yawansa 10.

Sikana ta kai ko ta ƙirji: ƙasa da miligire 1.

Sikana ta ciki: kimanin 8. Ta ƙugu, wadda ita ce mafi nauyi tunda mahaifa a tsakiyarta take: kimanin 25, takan zarce haka a wani lokaci, amma da wuya ta kai 100 a karo guda.

Shi kuwa awon eko da ake yi wa masu ciki, da amon sauti yake aiki, babu wannan haske a cikinsa ko kaɗan. Haka ma na'urar IRM, da maganaɗisu take aiki.

Fasali na biyu: Abin da aka tabbatar game da illarsa ga ɗan tayi

Mafi yawan abin da likitoci suka sani a wannan babi ya samo asali ne daga musibar da ta auku a Japan a 1945, sa'ad da aka jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. An bi diddigin 'ya'yan da suke cikin mahaifa a ranar, shekara da shekaru. Aka tarar cewa lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin cutuwa shi ne daga mako na 8 zuwa na 15 bayan shigar ciki, daga na 16 zuwa na 25 kuma illar ta ragu. Waɗanda suka sami miligire 1000 a wancan lokaci mai hatsari, kimanin 40 cikin 100 sun fito da tawayar hankali mai tsanani. Wannan gaskiya ce, ba a ɓoye ta. Amma a lura, miligire 1000 ya ninka hoton ƙirji fiye da sau dubu ɗari.

Masana sun kasa al'amarin bisa ga lokaci. A makonni biyu na farko bayan shigar ciki, haske mai yawa ko dai ya hana cikin zama, ko kuma ya wuce bai bar masa tabo ba. Daga mako na 3 zuwa na 8, lokacin da ake suranta gaɓoɓi, nakasa ba ta aukuwa sai in hasken ya kai miligire 100 zuwa 200 ko fiye. Watau nakasa tana da iyakar da take farawa daga gare ta, abin da bai kai iyakar ba kuwa ba ya haddasa ta. Mai hoton ƙirji sai an yi mata fiye da 10,000 kafin ta isa bakin wannan iyaka.

Saura batun ciwon daji. A 1956 wata likita a Oksfod ta ƙasar Ingila, Alice Stewart, ta nuna cewa yaran da aka ɗauki hoton cikin iyayensu mata suna ɗauke da su, sun ɗan fi sauran yara kamuwa da ciwon daji. Daga baya aka ƙiyasta yawan ƙarin. Cikin yara 1000 da hasken asibiti bai taɓa su ba, kimanin 3 ne ke kamuwa kafin su cika shekara 20. Idan sun sami miligire 10 adadin yakan zama kimanin 4, idan 100 ne yakan kai kimanin 9. Ma'ana, ko a bakin iyakar nan ta 100, yara 991 cikin 1000 suna kuɓuta.

A kan wannan ne Hukumar Ƙasa da Ƙasa ta Kariya daga wannan haske ta bayyana, a rahotonta mai lamba 84 na shekarar 2000, cewa abin da bai kai miligire 100 ba, ba dalili ne na katse ciki ba. Tsakanin 100 da 500 sai an dubi halin kowace mace ita kaɗai, abin da ya haura 500 kuwa shi ne ake tsoron ɓarna mai girma a cikinsa.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane gida ya sani, domin kada a ɗora wa hoto laifin da ba nasa ba. Ko babu hoto ko ɗaya, kimanin ciki 15 cikin 100 yakan ɓare, kuma kimanin jarirai 3 cikin 100 ana haihuwarsu da wata tawaya. Wannan ƙaddara ce da ke gudana tun kafin a ƙera na'ura.

Tarihi ya nuna abin da tsoro yake aikatawa idan ya rabu da sani. A watan Afrilu na 1986 tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe a ƙasar Yukren. A ƙasar Girka, wadda ke nesa da wurin, masu bincike sun ƙiyasta cewa an zubar da ciki kimanin 2500 a wata guda bayan hatsarin, cikin da iyayensa suke so, alhali kuwa abin da ya kai gare su na haske bai isa ya nakasa ɗa ba. Hasken bai taɓa waɗannan rayuka ba, fargaba ce ta halaka su.

Fasali na uku: Hukuncin zubar da ciki a Shari'a

Allah Maɗaukaki Ya ambaci matakan halittar ɗan Adam a farkon Suratul Mu'minun da cikin Suratul Hajji, daga ɗigon maniyyi zuwa gudan jini, zuwa tsoka, har a tufatar da ƙashi da nama. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna matakai uku ne na kwana arba'in-arba'in, bayansu ake busa rai. Daga nan malamai suka ɗauki kwana 120. Bayan wannan wa'adi babu saɓani a tsakanin mazhabobi cewa zubar da ciki haramun ne, domin ya shiga hanin kisan rai da ya zo a Suratul An'am da Suratul Isra'i.

Kafin busa rai ne malamai suka yi saɓani. Wasu daga Hanafawa sun yi rangwame kafin kwana 120 idan da uzuri, Hambalawa da yawa sun yi rangwame kafin kwana 40. Mazhabarmu ta Imamu Malik ita ce mafi tsanani a wannan babi. Shehu Ahmad Dardir, wanda ya rasu a 1201 bayan hijira, ya tabbatar a babban sharhinsa na Muhtasar Halil cewa abin da mahaifa ta riƙe ba ya halatta a fitar da shi ko da bai kai kwana 40 ba. Haka Ibnu Juzai ya tafi a cikin Ƙawaninul Fiƙhiyya, ya ce laifin yana ƙara nauyi idan halitta ta bayyana, ya fi nauyi bayan busa rai. Imam Lahami ne aka sani da halatta shi kafin kwana 40, amma ba a kan maganarsa fatawa take ba. Imam Gazali ma, shi da yake Bashafi'e, ya kira shi ta'addanci a kan abin da ya riga ya samu, mai hawa daraja bayan daraja.

Shari'a ba ta bar ɗan tayi babu haƙƙi ba. Lokacin da wata mata daga ƙabilar Huzail ta jefi 'yar'uwarta da dutse cikinta ya zube, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta biyan gurra, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Ɗalibin da ya karanta Risala ya san ƙimarta dinari 50 ce ko dirhami 600, watau ushirin diyyar uwa. Imamu Malik yana wajabta ta ko da abin da ya faɗo gudan jini ne, muddin an gane ɗa ne. Wanda ya yi sanadin zubewar ba ya gadon kome daga cikinta, ko da uwa ce ko uba.

Fasali na huɗu: Larurar da Shari'a take lura da ita

Addini bai zo da ƙunci ba, kuma larura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta ake ɗauka. Larura ta farko ita ce ran uwa. Idan amintattun likitoci suka tabbatar cewa barin cikin zai halaka ta, ana fitar da shi ko kafin busa rai ko bayansa, saboda ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cututtuka biyu: ita ce asali, rayuwarta tabbatacciya ce, kuma in ta mutu galibi shi ma ba zai rayu ba. Misalinsa shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ba ya rayuwa, in ya fashe kuma jini ya kashe uwa; da hawan jini mai kai ga jijjiga wanda ya ƙi jin magani; da zubar jinin da ya ƙi tsayawa; da ciwon zuciya mai tsanani. Cikin da ɗan ya riga ya mutu a cikinsa kuwa, wanke shi magani ne, bai shiga babin zubar da ciki ba.

Larura ta biyu ita ce tabbatacciyar nakasa mai tsanani. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a zamanta na 12, cikin Rajab 1410, daidai da Fabrairu 1990, ta yanke da rinjayen mambobinta cewa kafin kwana 120 ya halatta a fitar da ciki bisa sharuɗɗa: kwamitin ƙwararrun likitoci amintattu ya tabbatar ta hanyar bincike da na'urori cewa nakasar mai tsanani ce, ba ta da magani, rayuwar yaron za ta zama azaba gare shi da iyalinsa, kuma iyaye biyu su nema. Bayan kwana 120 ba ya halatta ko da nakasar ta tabbata, sai in ran uwa ke cikin hatsari. A lura da wani abu a nan: likita yana ƙirga ciki daga ranar farko ta haila ta ƙarshe, fiƙihu kuwa daga shigar ciki yake ƙirgawa, tsakaninsu akwai kimanin mako biyu. Kwana 120 na malamai ya yi daidai da mako 19 a takardar awo.

Dokar ƙasarmu ta lafiyar haihuwa, ta watan Yuni 2006, ita ma ƙofofin nan biyu ta ambata: hatsari ga rai da lafiyar uwa, da cuta mai tsanani ƙwarai da aka gano a jikin ɗan tayi, kuma ta ɗora yanke shawarar a kan taron likitoci. Abin da ya fita daga haka laifi ne a gaban alƙali.

A wannan babi ne hasken asibiti yake iya zama larura ta gaske, amma hasken magani, watau gashin da ake yi wa ciwon daji, irin wanda aka soma yi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai a 2021. Idan ciwon a bakin mahaifa yake, abin da ake haskawa dubban miligire ne, ɗan tayi ba ya jure masa. A nan sai likitoci su duba ko jinkiri zai yiwu har a ciro yaron da rai, in ba zai yiwu ba kuma ran uwa na cikin hatsari, hukuncin larura ta farko ya hau. Kuskure ne babba a yi ƙiyasin hoton bincike a kan wannan gashi, domin tsakaninsu akwai abin da ke tsakanin cokali da randa.

Fasali na biyar: Auna mas'alarmu a kan wannan ma'auni

Malamai sun kasa sani gida huɗu: yaƙini, da zato mai rinjaye, da shakka, da wahami. Ana gina hukunci a kan na farko da na biyu, ba a ginawa a kan na uku, balle na huɗu. Haramcin taɓa ɗan tayi yaƙini ne, yaƙini kuwa ba ya gushewa saboda shakka. To ina matsayin tsoron macen da aka yi wa hoton ƙirji, ko na ciki, ko ma sikana guda? Ta fuskar nakasa, hasken bai kai iyakar da take farawa ba. Ta fuskar ciwon daji, ƙarin bai wuce 'yan ƙalilan cikin dubu ba. Wannan shi ne wahami a yaren malaman usulu. Sharaɗin Majalisar Makka shi ne a ga nakasar a tabbatar da ita, a nan kuwa ba a ga kome ba. Saboda haka hoton binciken da aka saba yi ba uzuri ne na zubar da ciki ba, a mazhabarmu da ma mazhabobin da suka sassauta, tunda uzurin da ake riyawa bai tabbata ba. Wadda aka maimaita mata sikana sau da yawa a kan mahaifa, ita ce ake ƙididdige mata jimillar abin da ta samu, a kai lissafin gaban likitoci da malamai kafin a ce wani abu.

Ma'aunin nan yana yanka ta ɗaya gefen ma. Mai cikin da ake tuhumar tana da tarin fuka, ko ta karye, ko ta bugu a kai, likita ya ce sai an yi hoto, ba ta da hujjar ƙi saboda tsoron cikin, mijinta ma ba shi da ikon hana ta. Cutar da aka bari ba a gano ba ta fi hoton hatsari ga uwa da ɗa.

Fasali na shida: Abin da ya hau kan kowa

Ya ke 'yar'uwa, idan za a yi miki hoto alhali kina da ciki, ko al'adarki ta yi jinkiri, ki faɗa wa ma'aikacin tun kafin ki shiga, kunya ba ta da gurbi a nan. Idan kuwa an riga an yi, ki riƙe abu uku: ranar da aka yi hoton, da irinsa da wurin da aka haska, da ranar hailarki ta ƙarshe. Ki kai su ga likitan mata ko likitan hoto, a gidan haihuwa na Issaka Gazobi, ko Babban Asibitin Ƙasa, ko asibitin da ke Lamorde, ko inda ya fi kusa da ke, ki ci gaba da awo. Kada ki sha wani jiƙo ko ƙwaya da nufin fitar da cikin.

Ya kai maigida, amana ce a wuyanka. Ka raka iyalinka, ka ji bayani da kunnenka, kada ka bar maganar zaure ta yanke hukunci a kan ɗanka.

Ya ku ma'aikatan lafiya, ku tambayi kowace mace mai shekarun haihuwa kafin ku haska ta, ku fifita eko idan zai wadatar. Ku kiyayi furta kalmar "a cire" ba tare da lissafi ba, domin hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani babu sani.

Mu kuma limamai da malamai, Allah Ya umurce mu a Suratun Nahli da tambayar ma'abota sani a kan abin da ya ɓuya gare mu. Kada mu ba da fatawa a wannan babi sai mun ji daga likita amintacce nawa ne gwargwadon hasken, kuma cikin wata nawa ne.

Wadda kuwa ta riga ta zubar saboda wannan tsoro, ƙofar tuba a buɗe take. Ta yi nadama, ta nemi gafara, ta tambayi malami game da gurra. Kaffara kuma Imamu Malik ya so a yi ta, ko da yake bai wajabta ba. Kada dangi su mayar da abin gori a kanta, musamman waɗanda suka zuga ta, domin su ma suna da kasonsu na tuba.

Muna roƙon Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya azurta mu da zuriya ɗayyiba, Ya sanar da mu abin da zai amfane mu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.